Dajin Falgore da Yawon Buɗe Ido na Ƙananan Ayari: Abin da Kudancin Kano Zai Nuna da Waɗanda Za Su Nuna Shi

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yiwuwar kafa yawon buɗe ido mai kiyaye muhalli a kudancin Jihar Kano, daga Ƙafin Maiyaki zuwa Dajin Falgore da duwatsun Riruwai. Ta bi tarihin dajin, ta waiwayi yunƙurin farko da aka yi a Bagauda da Tiga, sannan ta auna lamarin da abin da ya faru a Yankari da Kure ta Jamhuriyar Nijar da kuma Ruwanda. Matsayar takardar ita ce, abin da ya dace da Falgore a yau shi ne ƙaramin ayari na mutum shida zuwa goma, mafi yawansu 'yan gida, a ƙarƙashin jagorancin maharba da makiyaya da matan da suka san dajin, bisa sharaɗin a ga kuɗin a ƙauyukan da ke bakin dajin, kuma kada a kai baƙo inda ba a tabbatar da tsaronsa ba.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya bar titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Ɗangora ya nufi Jos, zai ratsa Ƙafin Maiyaki a Ƙaramar Hukumar Ƙiru, ya wuce Tudun Wadar Ɗankadai, daga nan gonaki su fara ja da baya, itatuwa su matso bakin kwalta, har ya fita ta ɓangaren Doguwa ya gangara Saminaka. Wannan tsakanin shi ne Dajin Falgore, kimanin kilomita 150 daga birnin Kano. Direbobi sun san shi da wurin da ake ƙara wuta a wuce kafin duhu. 'Yan jarida sun san shi da labarin ɓarayin shanu. Kaɗan ne daga Kanawa suka san shi a matsayin daji mafi girma da ya rage wa jiharsu, kuma mafi ƙaranci su ne waɗanda suka taɓa sauka daga mota suka taka shi da ƙafa don su ga abin da ke ciki.

Abin da masana ke nufi da yawon buɗe ido na muhalli shi ne tafiya zuwa daji ko tsauni ko fadama don kallo da neman sani, ta yadda ziyarar za ta taimaka wa kiyaye wurin, mutanen da ke zaune a gefensa kuma su amfana. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware shekarar 2002 domin wannan fanni. Sharuɗɗan nan biyu, kiyayewa da amfanin mazauna, su ne ma'aunin da zan yi aiki da shi. Ziyarar da ta bar leda da gwangwani a daji, kuɗinta kuma ya koma birni gaba ɗaya, shaƙatawa ce kawai, ba ta cikin abin da nake magana a kai.

2.0 Dajin, da abin da yake yi wa Kano

Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe wurin a shekarun 1940 da sunan Gandun Dajin Kogin Kano. A 1969, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka ɗaga matsayinsa zuwa gandun namun daji. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 920, ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, yana kuma maƙwabtaka da Dajin Lame-Burra na Jihar Bauci. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sunansa cikin dazuzzuka goma da za a mayar gandun daji na ƙasa, tare da irin su Dajin Kogo na Katsina da fadamar Haɗeja ta Jigawa.

Ruwan sama a wannan yanki ya fi na birnin Kano yawa, damina kuma ta fi tsawo. Shi ya sa ake samun itatuwan da mutumin Dambatta ko Bichi ba ya gani a gonarsa, kamar doka da maje da kawo, ga gora a bakin rafuka.

Akwai wata hujja da ta fi ta yawon buɗe ido nauyi, kuma ina so in ajiye ta tun yanzu. Kogin Kano yana tasowa ne daga gindin tsaunukan Filato, ya ratsa Falgore, ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga wadda aka kammala a 1974, mai ɗaukar ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. Daga Tiga ake shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Daga kogin nan matatar Tamburawa ke ɗiban ruwan da ake turawa birni. A gaba ya haɗu da Kogin Calawa su zama Kogin Haɗeja, wanda manoma da masunta na Jigawa da Yobe suka dogara da shi. Saiwar itace da ciyawar Falgore su ke riƙe ƙasa idan an yi ruwa mai ƙarfi. In aka sare su, ƙasar za ta bi ambaliya ta kwanta a gindin madatsar, yashi da laka su cinye wurin da ruwa ya kamata ya zauna. Don haka manomin tumatir a Kadawa yana da kaso a Falgore ko bai taɓa ganinsa ba. Ko da baƙo ɗaya bai zo ba, wajibi ne a kiyaye dajin. Yawon buɗe ido hanya ce ta sa kiyayewar ta zama abin da mutumin bakin daji zai ci abinci da shi.

Abubuwan da ke cin dajin sanannu ne: saran itace don katako da gawayi, gonakin da ke kutsawa daga gefe, kiwon da ya wuce ƙarfin ciyawa, farautar gayya da karnuka, da wutar da ake cinnawa da rani. Madobiya ta fi kowane itace shan wahala a shekarun baya-bayan nan a duk Afirka ta Yamma, saboda kasuwarta a ƙasar Sin, har sai da yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu daga farkon 2017. Ba na ɗora laifin duka a kan talakan da ke sare itace. Buhun gawayi kuɗi ne a hannu yau, tsayayyen itace kuwa har yanzu bai ba shi ko kwabo ba. Duk tsarin da bai canza wannan lissafi ba zai tsaya ne a takarda.

3.0 Yunƙurin farko: Bagauda da Tiga

Kano ba baƙuwa ba ce a wannan harka. Gwamnatin Audu Baƙo, tsakanin 1967 da 1975, ta yi tunani mai nisa: ga gidan namun daji a birni, ga otal a bakin tafkin Bagauda, ga otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan Tiga, ga Falgore can kudu. An ɗauka baƙo zai sauka a filin jirgin saman Kano, ya ga kasuwar Kurmi da ganuwa da marinar Ƙofar Mata, ya kwana a Bagauda ko Tiga, ya shiga daji kallon namu. A yau harabar Bagauda reshe ce ta Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, otal ɗin Tiga kuma bai ci gaba da karɓar baƙi yadda aka yi fata ba.

Mutanen wancan zamani sun cancanci yabo, domin da ba su keɓe dajin ba da yanzu babu abin da za mu zauna mu tattauna. Amma tsarin nasu ya rataya ne a kan abu biyu masu rauni: gini mai tsada da ke jiran kasafin gwamnati, da baƙon waje wanda labari ɗaya na tashin hankali ya isa ya hana shi zuwa. Mutumin ƙauyen da ke bakin dajin bai da gurbi a ciki, in ban da gadi da shara. Da kasafi ya ja baya, baƙi suka ɗauke ƙafa, sai ya zama babu wanda ya yi asara a ƙauyukan, saboda haka babu wanda ya tashi tsaye.

Har yanzu idan aka ce za a farfaɗo da yawon buɗe ido, abin da ke fara zuwa bakin jami'ai shi ne kwangilar gina masauki da katafariyar ƙofa. Ina ganin wannan fara gini ne daga rufi.

4.0 Me za a nuna wa baƙo?

Gara a faɗi gaskiya tun a gida. Falgore ba Yankari ba ne. Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, ya ninka Falgore fiye da sau biyu a faɗi, yana da giwaye, yana da ruwan ɗumi na Wikki da ke jan mutane ko ba su ga dabba ba. A Falgore an san gwanki da mazo da gada da mugun dawa da gwaggon biri da jan biri da dila da kura, amma manyan namun sun yi ƙaranci ƙwarai, waɗanda suka rage kuma sun koyi gudun mutum. Wanda aka yi wa alkawarin zaki ya biya kuɗi ya dawo da hoton biri daga nesa, ba zai sake zuwa ba, kuma zai hana wasu.

Abin da dajin yake da shi a yalwace ya ishi mai son sani. Na farko tsuntsaye. Ƙungiyar BirdLife ta sa Falgore da Lame-Burra cikin muhimman wuraren tsuntsaye na Nijeriya. Akwai na daji, irin su zabon daji da fakara da cilakowa da tsirya da burtu, akwai na ruwa a gefen Tiga, irin su zalɓe da kirinjijiya, sannan daga Oktoba zuwa Maris baƙin tsuntsaye da ke gudun sanyin Turai suna ƙetaro Sahara su sauka a irin waɗannan wurare. Kallon tsuntsu ba ya bukatar mota mai tsada. Asubanci yake so, da shiru, da madubin hangen nesa, da wanda ya san kuka. Kuma masu wannan sha'awa suna ƙaruwa a ƙasar nan. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Dajin Amurum kusa da Jos, wadda aka kafa a 2001, ta yaye ɗalibai da dama daga jihohin Arewa, kuma ta ɗauki mutanen ƙauyen da ke kusa da ita aikin taimaka wa masu bincike a daji. Titin da ya ratsa Falgore shi ne dai ya kai Jos, saboda haka masu horarwa ba su da nisa.

Na biyu itatuwa da ilimin da ke tattare da su. Ɗalibin da ya taso a Fagge ko Hotoro ya sha miyar daddawa, wataƙila bai taɓa ganin kalwa a jikin ɗorawa ba. Ya san man kaɗe a kwalba, bai san kaɗanya ba. A tafiyar awa biyu za a iya nuna masa maɗaci a ba shi ɓawon ya ɗanɗana ɗacinsa, a gaya masa abin da masu magani ke yi da shi. A nuna masa ƙirya, a bayyana masa dalilin da ya sa maƙera suka fi son gawayinta, masassaƙa kuma suke neman ta don turmi. Ya tsinki taura da tsada da gwandar daji in lokacinsu ne. Ya ga marke da baushe da kanya ya iya bambanta ganyensu. Yawancin sunayen nan yana jin su a karin magana da tatsuniya ba tare da ya san kamanninsu ba. Malamin Hausa da malamin kimiyyar tsirrai duk suna da darasi a wannan tafiya, kuma a ganina wannan shi ne kayan da Falgore ya fi kowane wuri a Kano arzikinsa.

Na uku duwatsu da ruwa. Riruwai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa, tana zaune ne a cikin zoben duwatsu waɗanda masana ƙasa suka ce saiwar tsohon dutse ne mai aman wuta, dangin duwatsun Filato. Nan ne wuri mafi tudu a Jihar Kano. An haƙi kuza a wurin tun zamanin Turawa, daga baya aka yi ramin haƙa na ƙarƙashin ƙasa wanda aikinsa ya tsaya a shekarun 1980. Ga kuma magangarar ruwa ta Zainabi, wadda ta fi kyan gani a ƙarshen damina. Kanawa da yawa za su yi mamakin jin cewa jiharsu tana da irin wannan wuri.

Lokaci ma yana da tasiri. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ciyawa ta kwanta, hanya ta bushe, zafi bai tsananta ba, baƙin tsuntsaye suna nan. Watannin Agusta zuwa Oktoba na masu son kore da ruwa ne, amma hanyoyin cikin daji ba sa biyuwa.

5.0 Dalilin ƙaramin ayari

An saba a cika manyan motoci biyu da ɗalibai a kai su yawon ƙaro ilimi. Mutum ɗari suna sauka, duk abin da ke da fiffike ko ƙafa huɗu ya bar wurin. Na gaba ne kaɗai ke jin bayanin jagora, na baya suna ɗaukar hoton juna. Ba a iya ƙirga su da ido in wani abu ya taso. Mutum takwas kuwa mota ɗaya ta ɗauke su, jagora ɗaya ya ishe su, suna iya yin shiru tare, mace ɗaya a ƙauye za ta iya dafa musu abincin rana a tukunyar gidanta.

Ruwanda ta gina kasuwarta a kan wannan ƙa'ida. Mutum takwas kawai ake bari su ziyarci iyali ɗaya na gwaggon birin tsauni a rana, kuma awa ɗaya tak za su yi. Tun 2017 kuɗin izinin ya kai dala 1,500 ga baƙon waje, kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandun kuma ana ware shi ga al'ummomin da ke kewaye, ana gina ajujuwa da wuraren shan magani da shi. Ba na cewa wani zai biya dala 1,500 don ya ga burtu. Abin ɗauka shi ne ƙayyade adadi da kuma kason da aka rubuta aka sanar, wanda kowa ya san da shi.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Nijar. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke. A 1996 saura 49 suka rage. Bayan shekara ashirin da 'yan kai sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gandun Gadabeji a Jihar Maraɗi don a kafa sabon garke. Abin lura shi ne raƙuman Kure ba a cikin shinge suke ba, a gonakin mutane suke yawo, suna cin wake da mangwaron manoma. Abin da ya sa aka haƙura da su, bayan dokar hana kisa, shi ne baƙo ba ya shiga sai da jagora daga ƙungiyar 'yan yankin, ƙungiyoyin kiyaye dabbar kuma suka riƙa taimaka wa ƙauyuka da rijiyoyi da ƙananan rance. Dabbar da ke ɓarna ta zama dabbar da ke kawo abu, sai lissafin manomi ya canza.

Game da wanda zai zo Falgore, amsata ita ce ɗan gida. Jihar Kano tana da Jami'ar Bayero, da jami'ar jiha a Wudil, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Dambatta, da makarantun sakandare bila adadin. Zariya da Jos ba su da nisa. Akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da ke kai iyalansu Dubai da Masar hutu, akwai matasa masu ɗaukar hoto da masu shirya fim. Ɗan gida ba ya jiran biza, gargaɗin ofishin jakadanci ba ya hana shi tafiya, kuma in ya ga dajin ya ƙaunace shi, shi ne mai ƙuri'ar da zai tambayi ɗan majalisa abin da aka yi da shi.

6.0 Jagora

Wanda ya fi kowa sanin Falgore shi ne mutumin da doka ta fi zargi. Maharbi ya san sawun gada daga na mazo, ya san kwana nawa kashin dabba ya yi a ƙasa, ya san inda ruwa ke saura a watan Afrilu. Maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi ya duƙa yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har ya kusanci nama, ya yi wa halin dabbobi karatun da babu jami'ar da ke koyar da shi. Bafulatanin da ya yi shekara talatin yana kiwo a gefen dajin ya san kowace ciyawa da sunanta, ya san wadda ke kashe saniya, ya san hanya ko cikin hazo. Matar da ke tsintar ƙwaran kaɗanya da roron kalwa ta san wane itace ne ya yi 'ya'ya bana, wane ne aka sare bara.

Shawarata ita ce a ɗauki waɗannan mutane ta hannun shugabanninsu, wato Sarkin Baka da Arɗo da masu unguwanni, da sanin hakimai. A ba su horo gajere kan agajin gaggawa da karɓar baƙo da dokokin gandu, a ba su katin shaida, a haɗa kowannensu da matashi mai ilimin boko daga ƙauyensu wanda zai riƙa rubuta abin da aka gani a kowace fita. Cikin 'yan shekaru wannan rubutu zai zama taskar bayanai ga masu bincike. Sharaɗi ɗaya ne ba sassauci a kansa: wanda aka kama da nama ko da zarto, katinsa ya tafi.

Za a ce ai wannan ba wa kura ajiyar nama ne. Na yarda akwai haɗari. Amma malaman daji 'yan ƙalilan ba za su iya tsare murabba'in kilomita 920 ba, ko da an ba kowannensu babur da bindiga. Maharbin da aka kora daga dajin zai dawo da dare. Wanda gwanki mai rai ke kawo masa kuɗin jagoranci sau goma a shekara zai yi tunani kafin ya sayar da namansa sau ɗaya, kuma zai sa ido a kan wanda ya zo daga nesa zai harbe masa shi.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Garuruwan Hausa sun san hurumi, filin da ake keɓewa don amfanin kowa, ba mai ikon nome shi. A tarihin Musulunci an keɓe Naƙi'u a zamanin Manzon Allah (SAW), Halifa Umar kuma ya keɓe Rabaza, don dabbobin al'umma. Limaman Juma'a na Tudun Wada da Doguwa da Ƙiru suna da abin faɗa a kan wannan, kuma za a saurare su fiye da allon gargaɗi na bakin titi.

7.0 Tsaro

A tsakiyar shekarun 2010 Falgore ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har sojoji suka shigar da shi cikin atisayen Harbin Kunama na biyu a 2017, aka kuma kafa wurin horar da soja a dajin. Daga baya abin ya lafa idan aka kwatanta da wancan lokaci, amma Gandun Kamuku na Birnin Gwari ya nuna yadda 'yan bindiga ke iya raba daji da baƙi gaba ɗaya. Kure ma da na yaba, a ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a can: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban ƙungiyar jagororin. Aikin shekaru ya tsaya a rana ɗaya.

Saboda haka ba na goyon bayan a yi gaggawa. A fara da wuraren da ke gefe: bakin Tiga, da kewayen Riruwai, da gajerun hanyoyin ƙafa kusa da kwalta. A fita da safe a dawo kafin la'asar, ba kwana a daji. Kada ayari ya tashi sai jagora da mai unguwa da jami'an tsaro sun amince a safiyar ranar, kuma kowanne daga cikinsu yana da ikon cewa a fasa ba tare da an tuhume shi ba. Kada a tallata rana da wurin da za a je a Facebook kafin tafiya. Rayuwar ɗalibi ɗaya ta fi duk kuɗin da shirin zai tara. Ina kuma jan hankali cewa labarin baƙuwar fuska a daji yana fara isa ne ga makiyayi da mai itace kafin ya isa ga soja, kuma mutum ya fi saurin kai rahoto idan yana da abin da zai rasa.

8.0 Ƙafin Maiyaki a matsayin zango, da rabon kuɗi

Ayari yana bukatar zango kafin ya shiga daji. Ƙafin Maiyaki ta dace: tana kan titin, tana da kasuwa da masu abinci da masu mota, tana tsakanin ruwan Tiga da Bagauda ta ɓangaren Bebeji da kuma dajin ta ɓangaren Tudun Wada, ga Dajin Ɗansoshiya a cikin Ƙiru ga mai son ganin rayuwar makiyaya. Ɗaki biyu sun isa a fara: inda za a rubuta sunan baƙo, a yi masa bayanin dokoki, ya ari madubin hangen nesa, ya haɗu da jagoransa. A dawowa ya sayi zuma da man kaɗe da daddawa da shinkafar Tudun Wada daga hannun masu su. Ba na ba da shawarar sayar da fata ko ƙaho ko tsuntsu a keji, ko da an ce tsintuwa aka yi.

Kuɗin da baƙo zai biya a raba shi uku tun a kan rasit: ladan jagora a hannunsa a ranar, kason hukumar gandu, da kason asusun ƙauyen da aka bi ta ƙasarsa. A liƙa lissafin asusun a ƙofar gidan dagaci duk wata uku, mutanen ƙauyen su zaɓi abin da za a yi da shi, da mata da makiyaya a cikin kwamitin. Kuɗin ba zai yi yawa ba a farko, kuma bai kamata a yi wa kowa alkawarin zai maye gurbin noma ko kiwo ba. Amma famfon burtsatse ɗaya da aka gyara da kuɗin masu kallon tsuntsu zai yi wa dajin aikin da wa'azin shekara bai yi ba.

Tun da an sa Falgore cikin dazuzzukan da za a mayar gandun daji na ƙasa, ya kamata a rubuta waɗannan sharuɗɗa, tun kafin a kafa sababbin dokokin shiga da fita. Ina kira ga Gwamnatin Jihar Kano da shugabannin ƙananan hukumomin Ƙiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa da Sumaila su tabbatar an sa kason al'umma da matsayin jagororin gida a cikin kowace yarjejeniya da za a sa wa hannu. Ga abokan aikina na jami'o'i da kwalejoji kuma, roƙona shi ne kowane sashe da ke koyar da tsirrai ko dabbobi ko labarin ƙasa ko Hausa ya tsara fita ɗaya a hunturu mai zuwa, da ɗalibai takwas, bayan tuntuɓar hukumar gandu da jami'an tsaro, a nemi jagora daga ƙauyen da za a bi, a biya shi haƙƙinsa a gaban jama'arsa.